Ta Zo Neman Kakanta, Ta Tono Mana Tamu

Kafin mu miƙa wa edita wannan rubutu sai da muka shafe wata biyu muna ja-in-ja a tsakaninmu, mu biyar 'ya'yan gida ɗaya. Babban yayanmu har yau bai sauko ba. Cewa yake abin da aka rufe shekara ɗari ba a buɗe shi a mujallar da ake karantawa a teburin mai shayi. Mu huɗu muka rinjaye shi, kuma Goggo, wadda ita ce mai maganar, ta ba da izini da sharaɗi guda: kada a rubuta suna. To, ba za ku ga suna ba. Wanda ya gane gidan, ya gane.

Bara ne, bayan Babbar Sallah da 'yan kwanaki, autanmu da ke karatu a Jami'ar Badun ya shigo da la'asar ya ce wani malaminsu ya haɗa shi da wata baƙuwa daga Landan, wai tana son ganin Hausawa. Muka ce masa ai gidan namun daji a cikin jami'arsu yake, ba a Sabo ba. Mun saba da masu zuwa da littafi da biro suna tambayar yadda ake cinikin goro da na shanu. Tun daga kan Abner Cohen, Baturen nan da ya zauna a unguwar nan a 1962 da 1963 ya rubuta littafi a kanmu, ba su daina zuwa ba. Muka ɗauka ita ma irinsu ce.

Washegari sai ga mace baƙa wuluk, doguwa, ta haura hamsin, ta ɗaura ɗankwali irin ɗaurin wadda ba ta saba ba. Nas ce. Iyayenta mutanen Tirinidad ne, wani tsibiri a tekun Karebiyan dab da gaɓar Benezuwela, suka ƙaura Ingila a shekarun 1960, can aka haife ta. Ba ta jin Hausa ko ta sayen ruwa. Muka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, aka kawo fura, muka sa mata suna Anti, kuma da shi za mu ci gaba da kiranta a nan. Ba tambayar goro ta zo yi ba. Jaka ta buɗe ta fito da wani ƙunshin takardu mai kauri kamar na mai shari'ar fili, ta ce shekara goma sha biyu ke nan tana neman wanda ya haifi waɗanda suka haife ta.

Yadda ta bayyana mana aikin ya ba mu mamaki, domin mu a wurinmu asali abu ne da ake tambayar tsofaffi a zaure, a gama cikin rabin awa. Ita daga kanta ta fara tana komawa baya. Takardar haihuwar uwarta, takardar auren kakarta, littafin baftisma na cocin ƙauyensu, kowace takarda tana ba ta sunan uwa ko uba, sai ta bi wannan sunan zuwa takarda ta gaba. Ta yi ta tafiya haka har ta isa tsakiyar ƙarni na 19. Daga nan sai bango. Kafin 1834, shekarar da dokar 'yanta bayi ta fara aiki a ƙasashen da Ingila ke mulka, mutanen da take nema ba a littafin mutane ake rubuta su ba, a littafin dukiya suke. Kuma ko bayan dokar sai da aka tilasta musu ci gaba da yi wa iyayengijinsu aiki har 1838, wai suna koyon sana'a.

Abin da ya taimake ta shi ne wata rajista. Bayan Ingila ta haramta wa jiragenta safarar bayi a 1807, sai ta ga ana iya shigo da wasu ta bayan fage, don haka ta sa kowane mai bayi ya riƙa rubuta waɗanda ya mallaka ana ajiyewa a ofis. Tirinidad aka fara yi wa haka, a 1813, sauran tsibiran suka biyo baya. Kofen waɗannan littattafai suna nan a ma'ajiyar takardun tarihi ta Ingila da ke Kew, a Landan. Ta Tirinidad ta fi sauran bayani: suna, launin fata, aikin da mutum yake yi, shekaru, tsayi, ƙasar da aka kamo shi, da tabon da ke jikinsa. Anti ta miƙo mana hoton shafi guda, rubutun alƙalami mai kwance-kwance, ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya. Namiji ne, an ƙiyasta shekarunsa talatin, lebura a gonar rake. Sunan da ke wurin na Turawa ne, irin wanda ubangida ke laƙaba wa bawa ranar da ya saye shi. A gurbin ƙasa akawu ya rubuta Hausa, da irin baƙaƙen da kunnensa ya ba shi. A gurbin tabo ya rubuta cewa akwai zanen ƙasarsu a kumatu biyu.

Gidan ya yi tsit. Wallahi ba mu taɓa kawowa a ranmu cewa akwai wani littafi a bayan teku da aka rubuta Bahaushe a ciki tare da tsayinsa kamar ana awon buhu ba.

Abin da ya sa muka girmama Anti shi ne ba ta yi mana ƙarin gishiri ba. Ta ce ba za ta iya rantsuwa cewa wannan mutumin kakanta ne ba. Abin da take da shi kawai, sunan gonar da ya yi bauta ya zo ɗaya da wurin da aka yi wa kakar kakarta baftisma, kuma sunan iyali ɗaya ne. Amma bayi da yawa sukan ɗauki sunan mai gona ko da babu jini a tsakaninsu. Tsakanin layin nan na 1813 da takardarta ta gaba akwai ramin shekaru kusan arba'in da ba ta sami abin cike shi ba. Ta ce masu gonar kam ba ta sha wahalar samunsu ba ko kaɗan. Lokacin da aka 'yanta bayin, gwamnatin Ingila ta ware fam miliyan 20 ta biya diyya, kuma masu bayin aka biya, su bayin ko kwabo. Kowane mai neman kuɗin sai da ya rubuta sunansa da yawan bayinsa, shi ya sa yau wata jami'a a Landan ta tattara sunayensu a intanet, kana buga suna sai ga adadin kuɗin da ya karɓa. Bashin da aka ci don biyan kuɗin sai a 2015 aka gama biyansa. Anti ta yi wani murmushi mai ɗaci ta ce ke nan da harajin albashinta na nas a ciki.

Sai maganar gwajin DNA. Ta tofa miyau a 'yar kwalba ta aika wa wani kamfani, aka dawo mata da takarda cewa tana da alaƙa da Hausawa da Fulanin Nijeriya. A nan muka ɗan yi mata gardama, cikin ladabi. Mu da muke zaune a Sabo mun fi kowa sanin cewa Hausa ba jini ba ce. Banufe ya zo, Babarbare ya zo, Buzu ya zo, Bagware ya zo, in dai ya zauna cikinmu yana salla da mu, yana jin harshen, ya aurar ya aura, jikansa Bahaushe ne, ba wanda zai ɗaga masa gira. To wane miyau ne zai nuna wannan? Kamfanin yana kwatanta naka ne da na wasu mutanen yau da suka ce su Hausawa ne, ya ce kun yi kama. Sannan ka yi lissafi: iyaye biyu, kakanni huɗu, takwas, sha shida, in ka koma baya hawa bakwai mutum 128 ne suka taru suka haife ka. Ko da mai zanen nan kakanta ne, shi ɗaya ne cikin taro. Anti ta ce ta san haka sarai. Ta ce amma wanda ya tashi bai san sunan ko da gari ɗaya ba, in aka ba shi kalma ɗaya sai ya riƙe ta da hannu biyu. Ba mu sake cewa komai ba.

Tunda akwai maganar zane, muka ce ai ga masu abin. Muka kai ta wurin wani tsohon wanzami da ke unguwar nan, wanda ya gaji aska daga ubansa, ya yi wa rabin mazan Sabo kaciya. Autanmu ya fassara masa abin da ke takardar. Tsohon ya gyara zama, ya ce, "To, nawa ne zanen?" Muka ce ba a faɗa ba. "Daga ina ya taso, daga gefen baki ko daga saman kunne?" Ba a faɗa ba. "Dogaye ne ko gajeru? Akwai bille? Akwai na goshi?" Duk babu. Ya ce in shida ne a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, da ya ce mana Bagobiri ne ba tare da ya yi tunani ba. Ya lissafo na Kabawa, na Zamfarawa, na Katsinawa, yana zanawa da tsinke a ƙasa, Anti tana ɗaukar hoto. Daga ƙarshe ya share ƙasar da tafin hannu ya ce, "Yarinya, iyayensa sun rubuta masa garinsu a fuska don kada ya ɓace. Wanda ya karɓe shi ne bai iya karatu ba." Da aka fassara mata sai ta juya baya ta fuskanci bango. Muka ba ta lokaci.

A makon da ta yi tana zuwa kullum, mu ma muka shiga karance-karance, har da waɗanda rabonmu da littafi tun sakandare. Ingila ta ƙwace Tirinidad daga hannun Sifaniyawa a 1797, ta rufe safara a 1807, don haka mai yiwuwa a tsakanin nan ne aka tsallaka da mutumin. Wannan kuwa ya haɗa da shekarun da ƙasar Hausa ke cikin yaƙi: jihadi ya tashi a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808, kuma kowane ɓangare yana kama na ɗaya ɓangaren. Tun kafin jihadin ma ana gangaro da bayi daga arewa ta ƙasar Nufe zuwa Oyo, daga Oyo zuwa bakin ruwa, Ajase da Badagiri da Ikko. Wato ta ƙasar nan da muke zaune a kanta aka wuce da su, a lokacin da Badun ɗin da muka sani ba a ma kafa ta ba, sai wajen 1829. Waɗanda ba a kai bakin ruwa ba suka zauna a gidajen manyan Yarbawa suna kiwo, suna wanzanci, suna tufkar igiya. Mu da muke alfahari cewa kakanninmu fatake ne suka buɗe hanyar Kurmi, ya kamata mu sani akwai Hausawan da suka riga su zuwa da igiya a wuya.

An ƙiyasta mutum miliyan 12 da rabi aka ɗora a jirage daga Afirka, miliyan 10 da dubu 700 suka sauka da rai. Takardun jiragen ba su da suna, sai adadi. Inda aka sami sunaye shi ne na waɗanda sojan ruwan Ingila suka tare jiragensu bayan an haramta safarar, aka sauke su a Firitawun ta Saliyo ko Habana ta Kyuba, aka tambayi kowa sunansa na gida. Sunaye sama da dubu 90 ne, suna intanet. Muka yi dare guda muna latsa waya muna cin karo da sunayen Musulmi da kunnenmu ya sani, an rubuta su a karkace. A Bahiya ta Barazil Hausawa sun yi yawan da har suka shirya bore a 1807, suka sake a 1809 da 1814. A babban boren Musulmi na 1835, wanda aka yi cikin azumi kuma Yarbawa suka fi yawa a ciki, an sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Wasu daga cikin mutanen can sun dawo, su ne Aguda na Ikko.

Amma labarin da ya fi shiga ran Goggo na wani malami ne, Abubakar Siddiƙu, haifaffen Tambutu, wanda aka kama yana saurayi aka kai Jamaika. Ya yi kusan shekara talatin yana bauta, yana riƙe wa ubangidansa lissafin shago da baƙaƙen Larabci, har aka 'yanta shi a 1834. Da ya rubuta tarihinsa sai ya ambaci uwarsa, ya ce sunanta na yanka Hafsatu, amma da Hausa Nagode ake kiranta. Goggo ta sa aka maimaita mata. Ta ce, "Shekara talatin, bai manta sunan uwarsa ba." Ta tashi ta shiga ɗaki. A lokacin ba mu gane abin da ya taɓa ta ba.

Ana gobe za ta tafi ne Anti ta juyo da tambayar kanmu. Ta ce ta yi mana sha'awa, mu da ba a raba mu da ƙasarmu ba, lallai mun san kakanninmu har can sama. Yayanmu ya gyara hula. Ya fara: babanmu, kakanmu, sai baban kakanmu wanda ya zo Badun da fataucin goro bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya fara zama cikin gari wajen Oja'ba, da aka yanka Sabo a 1916 ya dawo nan. Sai uban wannan, malami a wani gari na ƙasar Kano. Huɗu. Daga nan sai "malamai ne dai tun asali". Anti tana rubutawa. Ta ɗago ta ce, to matan fa? Wa ta haifi kakanku?

Muka kalli juna. Mun san ana cewa Tsohuwa. Mun san ɗakinta, wanda yanzu ake ajiye buhunan gawayi a ciki. Amma 'yar wane ce, daga wane gari, ko mutum ɗaya a cikinmu bai taɓa tambaya ba. Yayanmu ya ce 'yar Kano ce mana. Goggo tana bakin ƙofa tana jan carbi, ba ta ce uffan ba.

Sai bayan isha, Anti ta koma masauki, Goggo ta aiko a kira mu duka biyar. Ta ce mu rufe ƙofa.

"Ku 'ya'yan nan, na ji kuna ta Kano, Kano. Tsohuwa ba Bakanuwa ba ce. Ba Bahaushiya ba ce ma. Ni na yi mata wanka da ta tsufa, ni nake kwana ɗakinta har ta rasu, ina da kamar sha biyar. Kamo ta aka yi. Ta ce tana yarinya, haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba, sun je ɗiban ruwa ita da yayarta a gindin dutse, mahaya suka fito. Ba ta sake ganin yayar ba tun daga kasuwa ta biyu. Sau uku ana sayar da ita. Na ukun shi ne baban wanda kuke cewa ya zo da goro, shi ya ba ɗansa ita. Sunan da kuka ji ana kiranta da shi ba nata ba ne, irin wanda ake sa wa bayi ne. Nata na gida ta faɗa mini sau ɗaya, na riƙe shi shekara da shekaru, yanzu na neme shi na rasa. Shi ya sa da kuka karanta mini na malamin nan na tashi."

Muka ce, "Goggo, me ya sa ba a taɓa gaya mana ba?"

Ta ce, "Wa zai gaya muku? Babanku ya sani. A Sabo kowa baƙo ne, abin da ka faɗa da bakinka ranar da ka sauka shi ne asalinka. Kakanku ya ce uwarsa 'yar Kano ce, aka bar shi a haka. Kuna tsammanin gidanmu kaɗai ne?"

Ta ce Tsohuwa ta iya Hausa kamar kowa, ta yi salla, ta yi azumi har ƙarfinta ya ƙare. Abu ɗaya ne bai bar ta ba: in tana ƙirga goro ko ƙwai, da wani harshe take yi a hankali, ta kai biyar ta sake komawa ɗaya. Goggo tana yarinya ta ɗauka wasa ne, ta haddace. A daren nan ta ƙirga mana, ɗaya zuwa biyar, da muryar da ba mu taɓa jin ta da ita ba. Autanmu ya ce ta sake, ya ɗauka a waya.

Ba za mu ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa mana kunya ce, tausayi daga baya ya zo. Ɗayanmu har ya ce ai dai a shari'a ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne, yana gado, ba kamar can Karebiyan ba inda ɗa ke bin uwarsa cikin bauta ko da mai gonar ne ubansa. Gaskiya ne, kuma bambancin ba ƙarami ba ne: shi ya sa mu muke da gida da suna a Sabo, ita Anti take bin layi a littafin dukiya. Ko ta fuskar dokar Bature ma, sanarwar Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ko da yake ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Da safe muka gaya wa Anti duk wannan, da izinin Goggo, har da bayanin shari'ar. Ta saurara har muka gama. Sai ta ce, "Ita yarinyar da ta je ɗiban ruwa, an tambaye ta?" Babu wanda ya amsa. Ta je ta durƙusa gaban Goggo, ba tafinta, suka riƙe hannun juna. Goggo tana cewa "sannu, 'yar nan, sannu", ita kuma tana maimaita kalmar, ita kaɗai ta koya a mako guda.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne wannan. Mun zauna mako guda muna jin haushin akawun da bai ƙirga zanen fuskar mutum ba, muna tsine wa masu gonar rake. Ashe a cikin gidanmu akwai wadda ko layi ɗaya ba a rubuta mata ba. Mutumin Anti yana da shekaru, yana da tsayi, yana da ƙasa. Tsohuwa tamu, wadda ta yi daka a turmin da har yau yana nan, ba ta da ko ɗaya. Kuma ba Bature ne ya saye ta ba.

Tsoron yayanmu ba na banza ba ne, kada a ce mun mai da shi mugu. Yana da 'ya'ya mata uku da suka isa aure, kuma duk mun san yadda ake yi. In an kawo kuɗin gaisuwa sai a tura wani tsoho ya je ya binciko asali, kuma mun ga auren da ya watse a unguwar nan a kan kalma ɗaya da wata ta raɗa wa wata a gidan suna. Mutumin da zai yi maka wa'azi da safe cewa babu fifiko sai da tsoron Allah, shi ne da yamma zai ce ɗansa ba zai auri jikar baiwa ba. Mu huɗun muka ce masa in akwai wanda ya kamata ya sunkuyar da kai a labarin nan, to ba yarinyar da aka ɗauke a bakin ruwa ba ce. Kuma jinin mai sayen da na wadda aka saya duk suna jikinmu, ba mu da damar zaɓar ɗaya mu rataya a zaure mu kulle ɗaya a ɗakin gawayi. Ya ce magana ce mai daɗi, amma ba mu ne za mu zauna da 'yan mata a gida ba. A nan muka tsaya da shi. Babbar 'yar tasa dai ita ta buga mana wannan rubutu a kwamfuta.

Mun gwada bin hanyar Anti. Mu biyu muka je ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke cikin Jami'ar Badun, wadda da yawanmu muke wuce ta a mota ba mu san da ita ba. Mun ga takardun da suka shafi Sabo, maganar fili da haraji da rigingimun sarauta, duk maza ne a ciki, kuma manya. Aka ce mana abin da ya shafi Arewa yana reshen Kaduna, kuma a shekarun farko na mulkin Turawa kotunan alƙalai sun riƙa rubuta waɗanda aka fansa ko suka fanshi kansu, wani lokaci har da ƙabilarsu. Ko Tsohuwa ta taɓa tsayawa gaban alƙali, Goggo ba ta ji ba. Mun dai yi niyyar zuwa bayan azumi, in Allah ya kai mu. Kafin nan mun sayi babban littafi mai bango, mun bi tsofaffin dangi ɗaya bayan ɗaya, mun fara da mata. Mutum biyu daga cikin waɗanda muka sa a jerin farko sun rasu kafin mu kai kansu.

Anti tana kiran waya duk ƙarshen wata. Har yanzu ba ta cike ramin shekara arba'in ɗinta ba. Ta ce ta sa hoton zanen da wanzami ya yi a ƙasa a bangon ɗakinta.

Ga roƙon da ya sa muka yi rubutun tun farko. Ƙirgen nan na Tsohuwa, ɗaya zuwa biyar, yana cikin waya da muryar Goggo. Ba mu rubuta shi a nan ba don ba mu san yadda za a sa shi a baƙaƙe ba tare da mun ɓata shi ba. Mun kunna wa wani Bagware mai sayar da doya a Bodija, ya ce ba nasu ba ne. Mun kunna wa wani Banufe, shi ma ya girgiza kai. Goggo ta ce abin da ta riƙe kawai shi ne garin yana gindin dutse, kuma sun yi kwanaki da yawa suna tafiya kafin su ga ganuwa. A Sabo da Sasa da Ojoo akwai mutanen kudancin Zazzau, da na duwatsun Bauci da Ningi, da na Filato, da na Adamawa. Duk wanda yake jin wani harshe na can, ko yake da tsohuwa a gida mai ji, don Allah ya sanar da edita, ya san inda zai same mu. Za mu zo da wayar har gida, kowace rana bayan la'asar ban da Juma'a.